Na'urar Numfashi a Tudun Wada: Lissafin da Ya Kamata a Yi Kafin a Biya

Mutumin da likita ya gaya wa cewa numfashinsa yana ɗaukewa sau talatin ko fiye a kowace sa'a ta barci, da wuya ya fito daga ɗakin yana tunanin ciniki. Tsoro ne ya cika masa rai. Ko nawa aka ce kuɗin na'urar, neman su zai shiga yi, ko da ta kai ga sayar da fili a Dakace ko cin bashi daga ƙungiyar adashen ofis. Wannan mutumin nake so ya zauna tukuna, ya ɗauki biro, mu yi lissafi.

Ban da ja a kan cutar. Idan barci ya yi nauyi, naman maƙogwaro yakan saki, hanyar iska ta toshe, minshari ya yanke, mutum ya yi shiru na daƙiƙa goma ko fiye, sannan ya zabura ya ja iska kamar wanda aka shaƙe. Shi ba ya sani. Mai ɗakinsa ce take sani, ita ce take zungurinsa tana cewa, "Malam, gyara kwanciya." Da rana sai ciwon kai da kasala, da gyangyaɗi a wurin aiki, a cikin huɗuba, har a bayan sitiyari. Likitoci suna auna tsananinta da yawan ɗaukewar a sa'a guda: 5 zuwa 14 mai sauƙi, 15 zuwa 29 matsakaiciya, 30 zuwa sama mai tsanani. Na'urar CPAP kuwa, wadda Colin Sullivan na Jami'ar Sydney ya fara bayyana aikinta a 1981, tana hura iska ta cikin tiyo da takunkumi don maƙogwaron ya zauna a buɗe. Tana aiki, muddin tana kan fuska kuma tana kunne. Ranar da aka ajiye ta, cutar tana nan inda aka bar ta. Daga wannan sharaɗin duk sauran lissafin yake fitowa.

Kuɗin sayen ma ba ƙarami ba ne. A kasuwar Amurka sabuwar na'ura mai daidaita ƙarfin iskarta da kanta tana kaiwa dala 500 zuwa 1,000. Kafin Yunin 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, wannan wata magana ce. Da dala ta haura naira 1,500 a 2024, sai ya zama naira dubu 750 zuwa miliyan ɗaya da rabi, ba a sa kuɗin dako da ribar dillali ba. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Wato ƙaramin ma'aikaci zai tara albashin wata goma sha ɗaya bai ci ko sisi ba kafin ya kai ga mafi arha. Gwajin barcin da ya kawo shi nan ma ya riga ya ci nasa rabon, domin ɗakunan irin wannan gwaji kaɗan ne a ƙasar, kuma yawancinsu suna Legas da Abuja. Kuma kowa ya san a Najeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin magani daga aljihun marar lafiya yake fita. Mai inshorar NHIA ko ta KADCHMA ya je ya tambaya, a rubuta masa a takarda ko na'urar tana cikin abin da suke biya, kafin ya sa rai.

Sai wuta, kuma nan ne maganar take da nauyi. Abin da na'urar take ci kaɗan ne: wajen wat 30 zuwa 60 idan ba a kunna mai ɗumama ruwanta ba. A dare ɗaya ba ta cinye rabin yunit. Ko da farashin rukunin A na masu amfani da wuta ne, wanda hukumar lantarki ta NERC ta ɗaga zuwa naira 225 a Afrilun 2024, kuɗin wata zai kama wajen naira dubu biyu zuwa uku ne kawai. Matsalar ita ce a samu wutar daga bayan isha zuwa asuba, kowane dare, ba fashi. Wane mazaunin Tudun Wadar Zariya ne zai rantse a kan haka? A Oktoban 2024, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da faɗuwar layin da ya biyo ta Benuwe, yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda a cikin duhu. Wannan babba ce da kowa ya ji. Ƙananan, irin su taransifoma ta ƙone a yi ta karo-karo, ko wuta ta zo da rauni fitila tana ja, ba mai ƙirga su.

Wanda ya ce zai dogara da ƙaramin janareta, ya yi lissafin mai. Tankin lita huɗu da ƙyar yake kaiwa asuba. Da lita ta kai naira 1,000 a ƙarshen 2024, wannan ya kama wajen naira dubu ɗari da ashirin a wata, fiye da albashin da muka ambata. Ga ƙara a gidan haya da maƙwabta suke barci, ga wutar da take hawa da sauka tana iya lalata na'ura, ga hayaƙin da ya sha kashe iyalai idan aka shigar da injin kusa da ɗaki don tsoron ɓarayi. Hanya mai hankali ita ce batir. Batir mai bolt 12 da amfiya 100, idan rabinsa kawai aka sha don ya daɗe, zai riƙe na'urar dare ɗaya ko biyu, in dai an kashe mai ɗumama ruwan. Sai dai batirin yana bukatar caji, wato faranti na sola da na'urar daidaita caji, da inbata ko wayar da take haɗa na'urar kai tsaye da batir. Batirin kuma yana mutuwa bayan 'yan shekaru, zafin bazara yana ƙara gaggauta shi. Duk wannan ba ya cikin farashin da dillali ya faɗa, alhali a garinmu wani sashe ne na maganin.

Kayan da suke ƙarewa ma haka. Robar takunkumi tana laushi ta fara zubar da iska cikin 'yan watanni, ɗamarar kai tana saki, tiyo yana tsagewa. Masu ƙera na'urar sun tsara canjin filta ne da ƙurar ƙasashensu a rai. A Zariya, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, farar filta takan koma ja cikin kwanaki. Kuma a hunturun nan ne hanci yake bushewa har ya yi haɓo, wato lokacin da aka fi bukatar mai ɗumama ruwan da muka ce a kashe don batir ya kai safe. Waɗannan kaya ba a samun su a kemis ɗin unguwa. Odarsu ake yi, da dala.

Na san inda hankalin mutane da yawa zai tafi: a sayi ta hannu, ko ɗan'uwa ya aiko da wadda wani ya daina amfani da ita a Ingila ko Amurka. A nan a yi hattara sosai. A Yunin 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin na'urorinsa, ciki har da DreamStation ta farko da System One, saboda soson da yake rage ƙara a cikinsu yana iya ruɓewa, mai barci ya shaƙi ɓurɓushinsa. Zafi da laima suna cikin abubuwan da aka ce suna ƙara ruɓewar, kuma mu da zafi ba sai an faɗa ba. A 2024 kamfanin ya amince ya biya dala biliyan 1.1 ga masu ƙara a Amurka. Tsohuwar na'urar da aka ƙi a can ba ta da wuyar faɗowa kasuwar gwanjo a nan. Duk wanda zai sayi ta hannu, ya duba suna da lambar da take ƙasanta, ya kuma buɗe allonta ya ga sa'o'in da injin ya yi yana aiki. Takunkumi da tiyo kuwa, sabo kawai.

Akwai kuma abin da ba a biya da naira. Mai gemu, kamar yawancin dattawanmu, takunkumin da yake rufe baki da hanci ba ya zama masa daidai, iska tana tsiyaya ta gefe. Takunkumin da ake sawa a ƙofar hanci ya fi dacewa da shi, amma sai ya iya barci baki a rufe. Mai mata biyu ko uku zai riƙa ɗaukar na'ura da batir daga ɗaki zuwa ɗaki bisa rabon kwana, ko ya ja waya zuwa kowanne. Da bazara, lokacin da ɗaki ba ya kwantuwa ake fitowa tsakar gida, sai an nemi inda za a jona. Ɗan kasuwar da yake kwana a Kano ko Funtuwa zai tafi da ita. Akwai kunya ma, kuma ban raina ta ba: magidanci ya kwanta da tiyo a hanci a gaban iyalinsa, a gidan da ake ganin irin wannan alamar ajali ce. Wanda ba a zauna an yi wa matarsa bayani ba, da wuya ya ɗore.

Ko a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa, ɗorewar ce babbar matsala. Wani nazari da Weaver da Grunstein suka wallafa a 2008 ya nuna cewa kashi 46 zuwa 83 cikin 100 na masu na'urar ba sa kai sa'a huɗu da ita a dare. Shi ya sa inshorar Medicare ta Amurka ba ta ci gaba da biya sai na'urar ta nuna an yi sa'a huɗu a kashi 70 na darare. Su kamfanin inshora ne yake asara idan na'ura ta koma saman kabad. Mu, filin da aka sayar ne.

To me ake samu a madadin duk wannan? A nan ne nake so a yi wa mutane gaskiya. Sau da yawa da tsoron bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ake tallata na'urar. Gaskiya ne masu wannan cuta sun fi kamuwa da hawan jini da ciwon zuciya. Amma babban gwajin SAVE, wanda aka wallafa a 2016, ya bi mutum 2,717 masu cutar da suka riga suka yi fama da ciwon zuciya ko shanyewar jiki, na kusan shekara huɗu. Waɗanda aka ba na'urar ba su fi sauran tsira daga sabon bugu ba: kashi 17 a cikinsu, kashi 15.4 a cikin waɗanda ba a ba. Masu kare na'urar suna cewa ai sa'a 3.3 kacal mutanen suke yi da ita a dare, kuma ba a sa masu tsananin gyangyaɗi a gwajin ba. Hujja ce mai ƙarfi, sai dai ita kanta tana nuna yadda riƙon yake da wuya. Abin da gwajin ya tabbatar shi ne raguwar minshari da barcin rana, da kyautatuwar yanayin rai, da raguwar fashin aiki. Hawan jini yana sauka da ɗan kaɗan, wajen maki biyu zuwa uku a matsakaici. Kada wanda ya sayi na'ura ya ajiye ƙwayoyin hawan jininsa.

Don haka lissafin bai zama ɗaya ga kowa ba. Wanda adadinsa yake ƙasa da 15, kuma ba ya gyangyaɗi da rana, ina ganin zalunci ne a tura shi cin bashin miliyan kafin a gwada abin da ba ya cin kuɗi. Binciken Wisconsin na shekarar 2000 ya gano cewa rage kashi 10 cikin 100 na nauyin jiki yana tafiya da raguwar ɗaukewar numfashi da wajen kashi 26. Wasu kuma sai sun kwanta rigingine abin yake tashi, kwanciya a gefe tana rage musu shi ƙwarai. A bar taba, a bar ƙwayoyin barcin da ake saya ba takarda, domin suna ƙara sakin maƙogwaro. Mai toshewar hanci ya ga likitan kunne da hanci da maƙogwaro, a asibitin koyarwa na Shika ko a Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Kuma kada a kai babba wurin wanzami a cire masa beli da sunan maganin minshari. Toshewar ta wuce beli, sai dai a ƙara masa zubar jini.

Amma wanda adadinsa ya haura 30, wanda barci yake sacewa yana tsakiyar magana, musamman direban da yake ɗaukar rayuka daga Kwangila zuwa Kano ko Kaduna, nasa lissafin ya karkata ga saye, duk da tsadar. Bincike da yawa sun nuna masu cutar da ba a yi wa magani ba sun ninka sauran direbobi haɗari, kuma na'urar tana rage wannan. Shi ma ya fara da tanadin batir da caji, ya gwada takunkumi a fuskarsa kafin ya biya, ya tabbatar akwai likitan da zai duba abin da na'urar ta naɗa ya gyara masa ƙarfin iskar bayan makonnin farko, domin a makonnin nan ne akasari ake gane wanda zai ɗore da wanda zai ajiye.

Wannan ne ma ya sa nake ganin abin da Zariya ta fi bukata shi ne na'urorin aro. Asibiti, ko ƙungiyar ma'aikata, ko ƙungiyar direbobi ta NURTW, za ta iya ajiye 'yan ƙalilan tare da batiransu, a ba mutum na wata guda da sabon takunkumi nasa na kansa. Allon na'urar zai nuna sa'o'in da ya yi da ita, mai ɗakinsa za ta faɗi ko minsharin ya tsaya, shi kuma zai san ko ya daina gyangyaɗi bayan azahar. Da wannan a hannu ne zai yanke shawarar sayar da fili ko barinsa.