Kwas Ɗin Lantarki Da Injina: Ɓangaren Fasaha Da Matasa Ke Tsallakewa

Da zarar an buɗe rajistar JAMB, duk matashin da ke sha'awar fasaha kwas ɗaya yake hange: kimiyyar kwamfuta. In bai samu ba sai ya koma YouTube koyon kodin, yana jiran ranar da zai fara karɓar dala daga ɗakinsa. Babu laifi a wannan. Sai dai cunkoson da ake yi a ƙofa ɗaya ya sa an manta da wata ƙofar da ke kusa da ita, wato kwas ɗin da ya haɗa lantarki da injina, wanda a kwalejojin foliteknik na Najeriya ake yawan samunsa da sunan Mekatironik, ko a raba shi tsakanin sashen lantarki da sashen injina. Ga mafi yawan matasan Arewa masu son fasaha, wannan kwas ya fi kusa da abinci fiye da kodin zalla.

Wayar da ke hannun mai karatu ma ta isa misali. Girgizar da take yi in kira ya shigo, wani ɗan ƙaramin moto ne ke motsa wani ɗan nauyi a cikinta. Juyawar da allo ke yi in an kwantar da waya, sensa ce mai wani ɗan sashe da ke motsi, wanda ido ba ya iya gani. Kyamara kuwa in tana neman saita hoto, maganaɗisu da naɗaɗɗiyar waya ne ke tura gilashinta gaba da baya. Manhaja umarni kawai take bayarwa, wani abu ne daban ke motsawa. Ilimin wannan abu mai motsi, da wutar da ke motsa shi, da na'urar da ke gaya masa lokacin tashi da tsayawa, shi ne kwas ɗin gaba ɗaya.

A ɗaga ido daga waya a dubi gari. Injinan casar shinkafa a Kano da Kebbi, masana'antun roba na Sharaɗa da Challawa, kamfanonin siminti na Obajana da Ashaka da Kalambaina, lifta a asibiti, injin ɗaure ledar ruwa, famfon sola a rijiyar burtsatse: duka moto ne da sensa da akwatin sarrafawa. An ƙiyasta cewa motocin lantarki na injina su ke shan fiye da kashi 40 cikin 100 na wutar da duniya ke amfani da ita. Kuma irin wutarmu tana ƙara wa masu gyara aiki. Moto mai layi uku in layi ɗaya ya ɗauke ya ci gaba da juyawa, zai yi zafi har naɗinsa ya ƙone. Lokacin tashi kuma yakan ja wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake ja in ya daidaita, shi ya sa janareto ke nishi in an kunna babban inji. Mai rewayin zai sake naɗa moton, ya karɓi kuɗinsa, bayan wata biyu a dawo masa da shi. Wanda ya yi karatun shi ne zai tambayi me ya ƙona shi tun farko, ya sa na'urar kariya ko mai rage jan wuta wajen tashi. Mai masana'anta da ya taɓa rasa aikin sati guda ya san bambancin mutanen nan biyu.

Akwai kuma abin da masu kodin ba su cika son a faɗa ba. Aikin rubuta manhaja ana iya yin sa daga ko'ina, wannan ne daɗinsa, kuma wannan ne haɗarinsa: matashin Zariya yana takara da na Indiya da na Masar a kan aiki ɗaya, ga kuma ChatGPT da ire-irensa da ke rubuta ƙananan manhajoji cikin daƙiƙu. Injin da ya tsaya a Bompai kuwa sai wanda zai iya zuwa Bompai da mita a hannu.

Wannan ba yana nufin a jefar da kodin ba. Injinan zamani wata ƙaramar kwamfuta ce ke tafiyar da su, ana kiranta PLC, kuma sai an rubuta mata umarni. Kamfanoni irin su Siemens da Schneider ne ke ƙera su. Ɗalibin da ya riga ya saba da tunanin “in kaza ya faru a yi kaza” zai fahimci PLC da sauri fiye da abokan ajinsa. Hanya mafi sauƙi ta gwada kai kafin a sayi fom ita ce allon Arduino, wanda aka ƙirƙira a Italiya a 2005 don ɗalibai. Wanda ya haɗa shi da sensa da ƙaramin famfo, ya sa famfon ya tsaya da kansa in tanki ya cika, ya ɗanɗana aikin. In bai ji daɗin hakan ba, gara ya sani tun yanzu.

Tsarin karatun ba ɓoyayye ba ne. Ana neman kiredit biyar da suka haɗa da Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Shekara 2 ake yi a ƙaramar difloma ta ND, sai shekara 1 ta sanin makamar aiki, sannan shekara 2 a babbar difloma ta HND. Hukumar NBTE da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1977, ita ke tantance kwasa-kwasan, don haka a duba shafinta ko kwas ɗin wannan makarantar yana da sahalewa kafin a biya ko sisi. Lissafin kuma ba na wasa ba ne, wanda ya gudu daga jami'a don tsoron lissafi zai tarar da shi yana jiransa a nan.

Matsaloli biyu ne na gaske. Ta farko ita ce wariyar da ake nuna wa mai HND a gaban mai digiri, musamman a aikin gwamnati. An daɗe ana alƙawarin kawo ƙarshenta, amma masu takardar har yanzu suna kokawa. Wanda burinsa kujera a ma'aikata ya yi la'akari da wannan da kyau. A masana'anta abin da sauƙi, domin inji ba ya tambayar takarda.

Ta biyu ta fi muni, kuma ita ce ke iya mayar da shekara 5 asara. Akwai makarantun da ɗakin gwajinsu a kulle yake, ko injinan ciki sun girmi malaman, ko babu wutar kunna su. A irin wannan wuri ɗalibi zai zana moto a takarda sau ɗari bai taɓa kwance ko ɗaya ba. Hoton da makaranta ta sa a Facebook ba hujja ba ne. A je da ƙafa, a tsayar da ɗan aji biyu a tambaye shi yaushe rabonsa da shiga ɗakin gwaji, ko akwai PLC mai aiki, ɗalibai nawa ke taruwa a kan inji ɗaya. Haka batun SIWES, shirin horon aiki da ITF ke kula da shi: da yawa suna neman ofis mai sanyi inda za a sa musu hannu a littafi kawai. Watannin nan sun fi amfani a masana'anta, ko a shagon mai haɗa sola, ko a Panteka ta Kaduna, inda wanda bai gama firamare ba zai koya wa ɗan difloma yadda ake gane lalataccen boris da kunne.