Mun Yaba Wa Haƙurin Mata Ya Isa, A Ba Su Kujera A Gaba



Ni ke riƙe da littafin taron ƙungiyarmu, saboda haka abin da zan faɗa yana nan a rubuce, da hannuna. A zaman da muka yi gab da faɗuwar damina, wata dattijuwa daga Gangare ta ɗaga hannu daga can baya, inda mata ke zama. Ta ce kwalbatin da ke ƙasan layinsu ya cushe da leda da yashi, kuma yayyafin farko ma ya dawo da ruwa har bakin zaurenta. Aka ce mata, "Hajiya, ki yi haƙuri, za a duba." Wani ya miƙe ya ce matan Jos jarumai ne, Allah ya ba su juriya. Aka tafa masa. Ni kuma na rubuta maganarta a layi ɗaya ƙarƙashin "sauran batutuwa", muka koma gardamar kuɗin kalanda, wadda ta cinye mana kusan awa guda. Har yau ba a duba kwalbatin ba, kuma ina cikin masu laifi.

Wannan tafin ne ya hana ni barci. Yabon juriya ya zama hanyar da muke sallamar mace ba tare da mun saurare ta ba. Mu jinjina mata, mu mayar mata da kayan a ka, mu ci gaba da hirarmu.

Mun manta daren Lahadi, 22 ga Yulin 2012, cikin kwanakin farko na azumi? Ruwa ya yi ta zuba, madatsar Lamingo ta tumbatsa, rafi ya bi ta Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo ya tafi da gidaje da mutane. Sama da mutum 30 aka rasa, an yi kwanaki ana neman gawarwaki a bakin rafi. Bayan an gama zaman makoki, wa ya kwashe taɓo daga ɗakuna? Wa ya dafa abin buɗa baki a makarantun da aka tsugunar da jama'a, da yara manne a jiki? Mun san amsa. Amma da aka zo maganar gyara, maganar magudanan ruwa da gine-ginen da suka matse rafi, mu maza muka zauna mu kaɗai, kamar kullum.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A gidajenmu mace ce mai ɗakin. Ita ce ta fara sanin ranar da ruwan rijiya ya canza wari, domin ita ke girki da shi. Ita ta san kuɗin jarkar mai ruwa a watan Maris idan famfo ya ƙafe, kuma ita ke kwana zaune da yaro mai gudawa. Maigida ya fita kasuwa tun safe, labari kawai zai tarar. To don me wanda aka ba labari zai zauna a gaba, wadda ta gani da idonta a bar ta a baya?

Ku dubi ramukan kuza. Tun farkon shekarun 1900 Turawan Ingila suka fara tonon ƙasar nan, kamfanoni irin su ATMN suka kwashi arziki. Tsakanin 1942 da 1944, lokacin yaƙin duniya na biyu, an tattaro mutane daga lardunan Arewa aka kawo su aikin dole, da yawa sanyin Filato da cuta suka kashe su. Kakannin wasunmu ta haka suka zo garin nan. Da farashin kuza ya faɗi a 1985 harkar manyan kamfanoni ta mutu, aka bar mana kududdufai tun daga Rayfield, Bukuru har Barkin Ladi, ba shinge, ba cikewa. Yara na nutsewa a cikinsu. Yau idan ka je inda ake loto, namiji ke shiga rami, amma masu ɗaukar ƙasa a ka zuwa bakin ruwa da masu wanke ta yini guda, da yawansu mata ne, wasu da goyo a baya. Ƙasar da ta rage bayan an tace kuza tana ɗauke da ma'adinai irin su monazayit, wanda masana suka auna suka ce yana fitar da tururi mai cutar da jiki idan aka daɗe tare da shi. A watan Fabrairun 2025 Gwamna Caleb Mutfwang ya sa hannu aka dakatar da haƙar ma'adinai a jihar. An yi ta muhawara a majalisunmu na shayi, wasu na goyon baya wasu na suka. Ban ji wanda ya tambayi abin da matan nan za su ci ba, ko halin da ƙirjinsu ke ciki.

Na san abin da wasu za su rubuta a ƙasa. Za a ce Sakatare ya kwaso aƙidar Turawa. Gaskiya ne akwai suna da masu boko suka raɗa wa wannan magana, ekofeminizim, wata marubuciya 'yar Faransa ce ta fara amfani da shi a 1974. Ma'anarsa a taƙaice ita ce, inda aka wulaƙanta ƙasa da ruwa, mata ne ke fara shan wahala, kuma hannun da ke raina ƙasa shi ne ke raina muryar mace. Sunan nasu ne, wahalar kuwa tamu ce tun kafin su san da ita. Wangari Maathai ta Kenya ta tara matan ƙauye a 1977 suka fara dashen itatuwa saboda itacen girki da ruwa sun yi musu nisa, har ta samu kyautar Nobel a 2004. A nan ƙasarmu, a Yulin 2002, matan yankin Escravos sun mamaye tashar man kamfanin Chevron kusan kwana 10 ba tare da makami ba, sai da aka zauna da su. Idan kuma misalin gida ake so, duk alhajin da ya yi safa da marwa sahun mace ya bi, Nana Hajara, wadda ta yi ta kai da kawowa tana neman wa ɗanta ruwa. Zubaida matar Haruna Rashid da dukiyarta ta jawo wa alhazai ruwa zuwa Makka, har yau da sunanta ake kiran aikin. Wane Bature ne ya koya musu?

Za a kuma ce ai matan ne ke zuba shara a kwata, su ke aiken yara su juye bola a rafi da daddare. Ban musa ba, na gani. Amma ku faɗa mini inda motar shara ke tsayawa a lungunan Unguwar Rogo. Mace mai shara a hannu, ba kwandon gwamnati kusa, ba kuɗin mai baro, ina za ta kai? Kuma idan har a hannunsu sharar take, ashe da su za a yi maganar sharar. Ba a yi wa mutum aski a bayan idonsa.

Wasu za su ce miji ya isa ya yi magana a madadin matarsa. Dattijuwar Gangare mijinta ya rasu. Irinta nawa ne a garin nan tun rikicin 7 ga Satumban 2001, da na 2008, da na 2010? Su ke riƙe da gidajen, su ke biyan kuɗin ruwa da na makaranta. Kuma akwai abin da matan nan suka iya wanda ya gagare mu. Lokacin da aka raba garin nan, unguwa ta zama ta wane da wane, ciniki tsakanin mai kawo kabeji da karas daga gona da mai saye a Farin Gada bai mutu ba. Rafin Dilimi bai san addinin kowa ba. Ledar da aka jefa a sama ita ke toshe na ƙasa, kuma ruwan bai tsaya a Jos ba, ya gangara ƙasar Bauchi ya shiga kogin Jama'are. Idan za a yi zaman gyara rafi da maƙwabtanmu, matan da suka saba ciniki da juna sun fi mu sanin ta inda za a fara.

Ga abin da zan gabatar a zama mai zuwa, kuma ina so a san da shi tun yanzu. Kwamitinmu na tsabta da muhalli ya zama rabinsa mata ne, masu ƙuri'a, ban da aikin raba ruwa da lemo. Lokacin taron a mayar da shi hantsi ranar Asabar, domin taron bayan isha'i an tsara shi ne don kada mace ta zo, ko mun yi niyya ko ba mu yi ba. Kafin kowace damina, matan kowane layi su nuna mana kwalbatoci da kwatocin da suka cushe, a rubuta su da sunan layi, a kai takarda hukumar JMDB da PEPSA, kuma cikin masu kai takardar a samu waɗanda suka nuna wurin. Kuɗin kalandar bana kuma a sayi baro da shebur da shi.

Wanda bai yarda ba ya zo taro ya faɗi hujjarsa, zan rubuta ta cikakkiya. Hajiya kuwa, idan wani daga cikin 'ya'yanki ya karanta miki wannan, ki yafe mini layi ɗayan nan. Maganarki ce ta farko a ajandar zama mai zuwa.

Allah ya kare mu daga ambaliya, ya jiƙan waɗanda ruwa ya tafi da su.

Sakataren Ƙungiya, Jos