Kada A Yi Gaggawar Cire Bututun

'Yan'uwa ɗalibai, musamman ku masu koyon likitanci da aikin jinya, ina so in jawo hankalinku ga wata 'yar roba wadda ran mutum yake rataye a jikinta.

Wanda ƙodarsa ta gaza, ba lalle ne sai an haɗa jininsa da inji ba. Akwai wankin ƙoda ta ciki, watau a ɗura masa ruwan magani kamar lita 2 a cikinsa, ruwan ya yi 'yan sa'o'i yana tsotse dattin jini ta tantanin da ya lulluɓe hanji, sa'an nan a tsiyayar da shi a zuba sabo, galibi sau 4 a rana, yana gidansa. Ruwan nan yana shiga yana fita ta wani bututu mai laushi, irin wanda Dokta Henry Tenckhoff ya fito da shi a Amurka a 1968. Can ƙasan mara ya kamata bakinsa ya kwanta, inda ruwa yake taruwa. To, wani lokaci yakan kauce ya haura wajen haƙarƙari. Alamar ba ta ɓuya: ruwa ya shiga lafiya, fitowa ta gagara.

A ganina kuskure ne babba a ce da an ga haka sai a cire. Sau da yawa laifin na maƙarƙashiya ne kurum; hanji ya cika, ya ture bututun daga mazauninsa. A ɗauki hoton ciki a tabbatar, a ba majinyaci maganin sassauta bayan gida, a sa shi tattaki, sai ka ga bututu ya koma da kansa. In ya ƙi, likita yana iya zura siririyar waya ya karkato shi. In kuwa kitsen ciki ne ya naɗe shi, a nan ne tiyata take da hujja: a huda kaɗan, a leƙa da kyamara, a warware, a ɗinke shi inda ya dace. (Amma fa ruwa in ya fito da gurɓata, ga ciwon ciki, wannan alamar ƙwayar cuta ce, asibiti za a nufa ran nan.)

A Nijeriya masu samun wannan wanki kaɗan ne ƙwarai, domin tsadar ruwan. Wanda aka cire wa bututu ya koma bin inji sau 2 ko 3 a mako, ga kuɗin mota, ga nisan gari. Saboda haka duk ranar da dattijo ya zo asibiti, ma'aikaciyar jinya ta ajiye kunya ta tambaye shi: “Baba, yaushe rabonka da bayan gida?”