Su wa ke yi wa Ɗanƙwairo amshi?

Duk wanda ya ɗauki faifan jaz na Miles Davis, Kind of Blue, na 1959, zai ga sunan kowane makaɗi a bango: John Coltrane, Bill Evans, har mai ganga Jimmy Cobb. Mu kuwa, waƙoƙin Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun na yawo a wayoyi da sunansa kaɗai, alhali a kiɗan kotso jagora kan ɗauko zance ne, 'yan amshi su karɓe su ƙarasa.

Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, kuma dattawan da za su ji murya su ce ta wane ce suna ƙarewa. Muna kira ga Masarautar Maradun da manazarta Hausa na Jami'ar Tarayya ta Gusau su zauna da su, a kunna kowace waƙa, a rubuta sunayen.