Madubi a Kan Bindiga, Amana a Wuyan Maharbi

A shekarun da na yi ina karatu a jihar Ohayo ta Amurka, na yi maƙwabtaka da wani dattijo manomin masara. Duk ƙarshen watan Nuwamba, idan makon farautar barewa ya gabato, sai ya shimfiɗa bindigarsa a kan tebur yana yi mata hidima kamar mai shirin kai amarya.

Kafin shekarar 2014, dokar jihar ba ta yarda a harbi barewa da doguwar bindiga mai cin nisan zango ba, don gudun kada harsashi ya wuce gona ya faɗa gidan mutane. Shi ya sa yawancin maharba ke amfani da bindigar harbin tsuntsaye, amma a maimakon ƙananan 'ya'yan dalma masu watsuwa, sai su ɗura mata curin dalma guda, mai nauyin kusan giram 28. Tunda ƙwaya ɗaya ce, ko ta samu ko ta kuskure. Dalilin ɗaura madubin saiti ke nan.

Abu uku dattijon ya nuna mini. Na farko, mazaunin madubin. Bututun irin wannan bindiga ana cire shi a mayar, don haka yakan ɗan motsa. Idan madubi na kan jikin bindiga, bututu kuma ya gusa ko da kaurin gashi ne, saiti ya ɓaci. Ya fi amincewa da ƙarfen da aka liƙa wa bututun kansa, ya miƙo baya ya ɗauki madubin, domin duk inda bututu ya karkata su karkata tare. Na biyu, tazarar ido: a bar kimanin santimita 10 tsakanin ido da madubi, saboda wannan bindiga tana da mugun naushi. Na uku, kada a yi kwaɗayin madubi mai tsananin kusanto da abu. Ninki biyu zuwa huɗu ya wadatar, tunda harbin ba na nesa ba ne.

Da ya gama ɗaure sukurori, ya kafa takarda a tazarar kusan mita 50. Ya yi harbi uku, ya duba inda suka taru, ya murɗa madubin, ya sake. Na roƙi in gwada, na manta da gargaɗi na biyu, na kai ido kusa. Har yau tabon yana nan a girata ta dama.

Yana goge mini jini na tambaye shi dalilin wannan wahala duka. Ya ce ba ya son dabba ta gudu da rauni ta je ta mutu a wulaƙance. Nan take na tuna da abin da malamanmu ke karantarwa game da wasa wuƙa da sauƙaƙa wa abin yanka. Ya kuma ja kunnena: madubi yana fito maka da abin da ka auna, amma yana rufe maka abin da ke gefensa. Bai halatta ka leƙa ta cikinsa don ka gane ko motsin da ke cikin ciyawa mutum ne ko dabba ba, domin a lokacin ka riga ka auna shi da bindiga.

Wannan gargaɗi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Rani na shigowa matasanmu za su fantsama daji da adaka da mai baki biyu, a dajin da mata ke itace, yara ke kiwo. Ga kuma mafarauta da 'yan sa-kai da gwamnatocin jihohi ke damƙa wa bindigogi saboda matsalar tsaro. Wa ya taɓa kai su fili ya kafa musu takarda, su ga inda harbinsu ke faɗawa? Wa ya koya musu duba abin da ke bayan abin harbi?

Ban ce a sayo wa kowa madubi ba. Mai adaka ba ya buƙatarsa. Roƙona ga sarakunan baka da hukumomin da ke ba da lasisi shi ne su mayar da gwajin saiti sharaɗi kafin a bar mutum ya shiga daji. Takarda da 'yan harsasai kaɗan ne kuɗinsa. Diyyar rai kuwa, kowa ya san nauyinta.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.