Wace "Zaria" Takardar Take Nufi?



A hutun da ya wuce muka tsinci wata tsohuwar takarda a ƙasan akwatin kakarmu, shaidar ɗaukar kakan babanmu aikin reluwe a 1930. A gurbin garin haihuwa an rubuta "Zaria". Shi ke nan, muka ce ashe asalinmu cikin ganuwa ne. Kwana uku muka yi muna zagaye daga Ƙofar Doka zuwa Kwarbai muna tambayar tsofaffi, babu wanda ya san gidan. Da labari ya kai kunnen gwaggon babanmu sai ta kwashe da dariya, ta ce ai tsohon daga wajen Funtuwa ya taso.

Takardar ba ta yi ƙarya ba, mu ne muka karanta ta da idon yau. A zamanin Turawa, "Zaria" kan zama birni, takan kuma zama Lardin Zariya baki ɗaya, kuma daga 1926 zuwa 1934 ƙasar Katsina tana cikin wannan lardi. Sunayen jihohi sai daga baya: Jihar Arewa ta Tsakiya a 1967, Jihar Kaduna a 1976, aka cire Katsina a 1987. Wanda ya rubuta cewa an haifi kakan nan namu a Jihar Kaduna, ya ajiye shi a inda babu shi a lokacin.

Ga kuma matsalar rubutu. Tafiretar akawu ba ta da ƙ, ɗ da ɓ, shi ya sa Maƙarfi ya koma Makarfi. Hannu zai yi ta ƙaiƙayin gyarawa, mu ma mun gyara da farko, amma kada ku gyara. Ranar da kuka je ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, da rubutun Bature za ku nemo fayil, ba da naku ba.

Yanzu mun raba shafin littafinmu gida biyu. A hagu muna kwafe suna yadda yake a takarda, har da kuskurensa da shekararsa. A dama sai sunan wurin a yau, da wanda ya gaya mana. Idan wata rana maganar gadon gida ko gona ta taso, ɓangaren hagu za a fara tambaya.

Gwaggo ta ce in Allah ya kai mu hutu mai zuwa, ita za ta raka mu Funtuwa.