Wa Zai Gaya wa Direba Gaskiyar Tayarsa?

Tun 2012 Tarayyar Turai ta wajabta manna wa sabuwar taya takarda mai bayyana abu uku: yawan man da take sa mota ta sha, yadda take kama jiƙaƙƙen titi in an taka birki, da ƙarar da take yi. Mu kuwa, wadda suka gama mora ake sauke mana, ba takarda, ba tarihi, alhali doka ta hana shigo da ita. Masu cewa talaka sai gwanjo, ina tambayarsu: ina arahar tayar da ta fashe da mota cike da fasinja? Wajibi ne hukumar SON ta tilasta irin wannan takarda, a rubuta ta har da Hausa.